Sanduna Sun Cika, Data Ba Ta Tafiya: Yadda Ake Karanta Sabis da Kulle Waifai a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan magana: "Alhaji, a yi haƙuri, sabis ne." An yi ciniki, an sallama, motar da za ta ɗauki shanu tana jira, amma kuɗi ya maƙale tsakanin banki da banki. Ka leƙa fuskar na'urar ka tarar da sanduna huɗu a tsaye cif. Haka ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel yake fama da shafin rajista, haka mai shagon buga takardu a Gagarawa yake zaune da rauta mai koren haske alhali ko saƙon WhatsApp ya ƙi fita.

Abin da muke tarawa mu kira matsalar sabis ba cuta guda ba ce, shi ya sa magani guda ba ya yi mata. Wani ya sayi sabon layi alhali wurin da ya ajiye na'urar ne bai dace ba. Wani ya canza waya alhali ƙarfen sabis ne ya rasa wuta. Wani kuma ya rantse kamfani na sace masa data, ga shi yaran layinsu kaf suna kan waifai ɗinsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma kan tiransifa, sannan a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Lalube a duhu yanzu yana da tsada. Wayar da ke hannunka tana faɗa maka inda ciwon yake, da lambobi, muddin ka san inda za ka duba.

Zango uku

Idan kana amfani da rauta ko MiFi, saƙonka yana yada zango uku kafin ya isa. Na farko daga wayarka zuwa rauta, wannan shi ne waifai, kuma iyakarsa 'yan taku ne. Na biyu daga rauta zuwa ƙarfen sabis na MTN, Airtel, Glo ko wani, wanda zai iya kasancewa kilomita da yawa. Na uku daga ƙarfen zuwa sauran duniya, ta wayoyin da aka binne a gefen titi ko farantan da ke kallon juna daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har zuwa Legas inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka.

Alamar waifai da ke saman wayarka labarin zangon farko kaɗai take bayarwa. Tana iya cika tam ko da babu layi a cikin rautar gaba ɗaya. Sandunan sabis kuma labarin na biyu ne. Na uku babu alamar da ke nuna shi. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku da dama sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta, bankuna suka tsaya, amma sandunan mutane ba su ragu ko ɗaya ba. Don haka tambayar farko kullum ita ce: a wane zango aka tsaya?

Gwajin ba shi da wuya. Kashe waifai ka kunna datar wayarka. Idan ta tafi, matsalar tana wajen rauta ko layin da ke cikinta. Idan ba ta tafi ba, tambayi na kusa da kai mai layin wani kamfani. Idan nasa na tafiya, kamfaninka ne. Idan kuma YouTube na buɗewa amma manhajar banki ta ƙi, to bankin ne, ka daina kashe waya kana kunnawa. Kafin duk wannan, danna *323# ka ga ko akwai datar ma. Tun 2023 NCC ta daidaita waɗannan lambobi a duk layuka: *310# na duba kuɗi, *312# na sayen data, *323# na ragowar data.

Haruffan da ke gefen sanduna

Kusa da sandunan akwai ɗan harafi, kuma ya fi su gaskiya. G ko E na nufin kana kan 2G: kira zai shiga, saƙon tes zai tafi, lambobin banki masu tauraro da shinge za su yi aiki, amma hoto sai ka yi ta jira. 3G, H ko H+ mataki ne na tsakiya. 4G ko LTE shi ne abin da yawancinmu ke nema. 5G ta fara aiki a Najeriya a 2022, kuma ta fi yawa a manyan birane. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: idan ka ga sunan waifai ya ƙare da "5G", galibi ba sabis ɗin 5G ake nufi ba, mitar waifai ce ta gigahaz 5, za mu zo kanta.

Idan wayarka na ta tsalle tsakanin 4G da E, kana bakin iyakar inda 4G ke kaiwa ne. Wannan tsallen ya fi rauni illa ga mai POS, domin a tsakiyar ciniki haɗin ke yankewa, a cire kuɗin mutum takarda ta ce bai shiga ba. A cikin saitin layi akwai wurin zaɓen nau'in netwok. Gwada tsayar da ita kan 3G kaɗai ka ga ko za ta natsu. POS ba ya buƙatar gudu, ɗorewa yake buƙata. Amma kada ka tsayar da wayar kira kan 4G kaɗai sai ka tabbata layinka da wayarka suna da VoLTE, wato kira ta kan 4G, in ba haka ba kira zai daina shigo maka kana zaton mutane ne suka manta da kai.

Akwai harafin da ya shafe mu fiye da mutanen Kano ko Dutse, wato R. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudun kirki, kuma igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. A Maigatari da ƙauyukan bakin iyaka, har da arewacin Sule Tankarkar, waya na iya sakin ƙarfen gida ta kama na Nijar, ko Airtel na can, ko Moov, ko Zamani. Sai ka ga R, ko ka ga sunan kamfanin ya canza. Daga wannan lokaci kai baƙo ne a wajen kamfaninka ko da kana zaune a zaurenka: ana iya cajin ka da farashin ƙetare, kuma datar da ka saya ba lallai ta yi aiki ba. Maganin biyu ne. Kashe "Data roaming" a saitin layi. Sannan ka shiga wurin zaɓen kamfani, ka cire shi daga "Automatic", ka jira jerin sunaye ya fito, ka zaɓi naka da hannu. Wani lokaci lambobi ke fitowa maimakon suna: duk wanda ya fara da 621 na Najeriya ne, 614 na Nijar. Ɗan kasuwar da ke shiga Dungas ko Damagaram ya tuna ya mayar da shi "Automatic" idan ya ƙetare, ko ya riƙe layin can a rami na biyu, wanda shi ya fi sauƙi.

Lambar da ke bayan sanduna

Babu wata doka da ta ce ga ƙarfin da ya kai sanda huɗu. Kowane kamfanin waya yana zana nasa yadda ya ga dama, shi ya sa Tecno da Samsung a kan tabarma ɗaya, da layi iri ɗaya, za su nuna abu daban. Ainihin awon yana ciki. A yawancin wayoyin Android, shiga saiti, ka gangara zuwa "About phone", ka nemi "SIM status", za ka ga "Signal strength" da lamba mai alamar ɗebewa a gaba, misali -92 dBm. A wasu wayoyin danna *#*#4636#*#* na buɗe shafi mai ƙarin bayani, a Samsung *#0011#, a iPhone *3001#12345#* sannan ka danna kira.

Saboda alamar ɗebewar, lissafin a juye yake: -80 ta fi -100 kyau. Kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Duk bambancin 10 na nufin ninki goma na ƙarfi, don haka -85 ta fi -95 sau goma, ta fi -105 sau ɗari. Bambancin 3 kacal ninki biyu ne. Wanda ya gane wannan ba zai raina matsar da rauta daga kan tebur zuwa taga ba.

A kan 4G wannan awo sunansa RSRP. Daga -80 zuwa sama, kana kusa da ƙarfe, sai godiya. Tsakanin -80 da -90 yana da kyau. Daga -90 zuwa -100 za a yi aiki. Da ka wuce -100 an fara wahala, kusan -110 zuwa -120 kuma kana gab da faɗawa E ko rasa sabis ɗin baki ɗaya.

Amma ƙarfi kaɗai bai isa ba, kuma nan ne amsar tambayar ranar Alhamis take. Ka ɗauka wani na yi maka magana daga taku biyar. A gona da sassafe za ka ji kowace kalma. A tsakiyar kara, shanu na kuka, dillalai na ɗaga murya, lasifika na talla, muryarsa ba ta ragu ba amma ba ka fahimtar komai, sai ya yi ta maimaitawa. RSRP ƙarfin muryar ne. SINR shi ne yadda muryar ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita, RSRQ kuma yana nuna inganci tare da yawan lodin da ke kan ƙarfen. Lambar SINR ba a juye take ba: 20 zuwa sama madalla, 13 zuwa 20 da kyau, ƙasa da haka ana lallaɓawa, idan ta kai sifili ko ta gangara ƙasa da shi to sai haƙuri. RSRQ kusa da -10 lafiya, idan ta doshi -15 zuwa -20 akwai cunkoso ko katsalandan.

To ka haɗa biyun ka karanta. RSRP mara kyau kullum, dare da rana: nisa ne ko bango, kuma kana da abin yi. RSRP mai kyau amma data na rarrafe ranar kasuwa ko bayan sallar Isha'i, ta dawo daidai da asuba: cunkoso ne, ƙarfe ɗaya dubban wayoyi, babu eriyar da za ta warkar da shi. Sai dai ka koma layi na biyu, ko ka ɗage manyan saukewa zuwa tsakar dare. Idan kuma ka saba ganin -85 a ɗakinka, yau kwatsam ka ga -112, ƙarfen da ke kusa da kai ne ya mutu, wataƙila man janareto ya ƙare ko guguwar damina ta taɓa shi, wayarka ta kama wani mai nisa. Wannan ba laifin wayarka ba ne, kada ka kai ta wajen mai gyara.

Shawarata ga duk mai shirin sayen rauta: kada ka tambayi mutumin wani gari wane layi ya fi. Abin da ya yi a Gagarawa Tasha ba lallai ya yi a Medu, Zarada ko Garin Ciroma ba, kai har unguwa da unguwa a cikin Gumel. Ari layukan abokai, ka saka su ɗaya bayan ɗaya a waya guda, a daidai wurin da na'urar za ta zauna, da safe da kuma dare, ka rubuta lambobin. Sannan ka duba kwalin rautar. Mitoci na ƙasa, irin 700 da 800, waɗanda ake rubutawa B28 da B20, sun fi tafiya nesa da ratsa bango, su ne abokan mutumin ƙauye. Na sama, 1800 da 2600, wato B3 da B7, sun fi ɗaukar lodi amma ba sa nisa. Rautar da aka shigo da ita daga wata ƙasa tana iya rasa mitar da ƙarfen garinku ke amfani da ita.

Inda za a ajiye ta

Kwanon rufi yana mayar da igiyar rediyo baya, katangar ƙasa mai kauri tana shanye ta, haka ma ruwa, ko na tanki ko na randa, har da jikin mutane idan shago ya cika. Shagon kwantena kuwa shi ne mafi muni. Ɗauki wayarka da shafin lambar a buɗe, ka zagaya gidan a hankali, kana tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri domin lambar ta zauna. Inda ta fi kyau, galibi tagar da ke fuskantar ƙarfen kuma sama da tsayin mutum, nan ne gidan rauta. Ba cikin durowa ba, ba bayan talabijin ba, ba ƙasan kanta ba.

Taga amma a inuwa. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, na'urar da ta yi zafi tana rage gudu da kanta ko ta mutu ta tashi. MiFi ɗin da aka bari a caji dare da rana batirinta na kumbura. Da ka ga murfin baya ya ɗago, cire batirin ka canza shi, kada ka jira.

Idan ko'ina a cikin gida lambar ta wuce -105 amma a kan soro tana kyau, nemi rauta mai ramin eriyar waje, ka ɗaura eriyar a kan dogon ƙarfe, kana juya ta kaɗan-kaɗan wani na karanta maka lamba daga ƙasa. Ka kula da SINR fiye da RSRP wajen zaɓen fuskar da za ta kalla. Wayar eriyar ta zama gajera gwargwadon iko, domin doguwa tana cinye ribar da aka samo, kuma mai aikin lantarki ya haɗa ƙarfen da ƙasa saboda tsawa. Na'urar ƙara sabis da ake tallatawa a kasuwa kuwa, wadda ake kira busta, NCC ta sha gargaɗi cewa saka ta ba tare da izini ba laifi ne, kuma tana lalata wa maƙwabta nasu sabis ɗin.

Waifai shi ma yana da lambarsa ta dBm, amma ma'auninsa daban: -50 kana kusa, -60 da kyau, -67 ita ce iyakar da kiran bidiyo ke tafiya ba yankewa, -80 ya kusa ɓacewa. Mitar 2.4 ta fi ratsa bango da nisa, ta 5 ta fi gudu amma katanga ɗaya ko biyu ke gamawa da ita. A gidan ƙasa mai sassa da yawa, 2.4 ce taka. Maganar canza tashar waifai zuwa 1, 6 ko 11 ta shafi wanda ke jerin shaguna da kowa ke da rautarsa. A ƙauye ba damuwarka ba ce.

Galibin wayoyinmu da Turanci aka saita su, ga abin da rubutun ƙasan sunan waifai ke cewa. "Saved" na nufin waya ta san shi amma ba ta hau ba. "Authentication error" kusan kullum kalmar sirri ce ba daidai ba, ko an canza ta. Danna "Forget" ka sake rubutawa, kana lura da manya da ƙananan haruffa. Idan ta tsaya a "Obtaining IP address", rautar ce ta rikice ko ta cika, domin ƙananan MiFi suna da iyakar wayoyin da suke ɗauka. Kashe ta ka kunna. "Connected, no internet", ko alamar motsin rai a jikin alamar waifai, na nufin zangon farko lafiya lau, matsalar na gaba: data ta ƙare, layin ya motsa a raminsa, an rufe shi saboda NIN, ko saitin APN ya ɓace.

Kalmomin sirri biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne na fi son mai karatu ya natsu, domin asarar da ake yi a nan ta wuce ta data.

Kowace rauta tana da shafin sarrafawa. Ka hau waifai ɗinta, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙasanta ko ƙarƙashin batiri. Yawanci 192.168.8.1 ne a na'urorin Huawei, 192.168.0.1 a na ZTE, wasu kuma 192.168.1.1. A nan za ka ga RSRP da SINR na rautar kanta, da jerin duk wayoyin da ke kanta a wannan lokaci. Shafin yana da tasa kalmar sirri, daban da ta waifai, kuma a na'urori da yawa "admin" ce tun daga masana'anta. Kowane yaro mai wayo ya san haka. Wanda ka ba waifai sau ɗaya don ya tura takarda zai iya shiga shafin, ya ga komai, ya canza komai.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Layin da ke cikin rauta yana karɓar saƙon tes kamar kowane layi, kuma ana karanta saƙonnin a wannan shafi. Mutane da yawa tsohon layinsu suke cirewa su saka a MiFi, layin da banki ya sani, wanda alat da lambar tabbatarwa ta OTP ke shigowa ta kansa. Ma'ana duk wanda ya shiga shafin da "admin" yana ganin nawa ya shigo maka, kuma yana iya karanta lambar da banki ya turo. Kada ka taɓa saka layin banki a rauta. Sayi layi daban na data kaɗai. Kuma canza kalmar shafin tun ranar farko, kafin ma ka canza ta waifai.

Daga nan ka shiga sashen waifai, wurin da aka rubuta "Security". Za ka ga zaɓuɓɓuka. "Open" babu kulle ko kaɗan. WEP shi ne kullen farko, masu bincike suka fasa shi tun 2001, yau da kwamfuta ta yau da kullum ana buɗe shi cikin mintuna. WPA na 2003, mai tafiya da TKIP, shi ma ya tsufa. WPA2 ya zo a 2004, kuma idan an haɗa shi da AES har yanzu yana riƙe gida. WPA3 na 2018 ya fi su duka, sai dai tsofaffin wayoyi da wasu na'urorin POS ba sa gane shi. Zaɓi WPA2/WPA3 a haɗe idan akwai, in babu to WPA2 da AES. A 2017 wani mai bincike a Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano wata ɓaraka a WPA2, aka toshe ta ta hanyar sabunta manhaja, wanda ya isa dalilin da zai sa ka bar waya da rauta su riƙa sabunta kansu.

Kulle mai kyau ba ya amfani idan kalmar sirrin 12345678 ce, ko lambar wayarka da ke rubuce a allon shago, ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Tsarin yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi ƙawa amfani. Haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani. Ka guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, domin wasu na'urori ba sa karɓarsu. Sunan waifai kuma kada ya zama sunanka ko na shagonka idan ba na kwastomomi ba ne.

Nemi WPS ka kashe shi. An yi shi ne don sauƙaƙa hawa da lamba takwas, amma a ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa na'urar na duba lambar rabi-rabi, don haka gwaji 11,000 ya isa a gano ta, kuma da ita ake zaro kalmar sirrinka komai tsawonta. Ɓoye sunan waifai kuwa ba tsaro ba ne, mai nema zai gan shi. Toshe waya ɗaya daga jerin ma ba ya daɗewa, tunda wayoyin yanzu na iya sauya lambar shaidarsu.

Gaskiyar magana, a garuruwanmu ba a cika fasa waifai ba, bayar da shi ake yi. Daga Android 10, duk wanda ya hau zai iya danna "Share" ya nuna wa abokinsa hoton QR, kalmar sirrin ma a rubuce a ƙasa. Ka ba mutum ɗaya da azahar, kafin la'asar majalisa ta samu. Ba na cewa a yi rowa, taimakon maƙwabci da data alheri ne. Amma a yi shi da tsari: idan rautarka na da "Guest network", buɗe wa baƙi shi da kalmarsa daban wadda kake canzawa duk mako, POS da kwamfutar aiki su zauna kan na ainihi. In babu, ka riƙa canza kalmar kana duba jerin masu hawa. Ka tuna layin da NIN ɗinka aka yi masa rajista, duk abin da wani ya aikata ta kansa, damfara ko barazana, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ga matasa kuma masu alfahari da hawa waifai ɗin mutane ba izini: haƙƙin wani ne kuke ci, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da yardarsa ba. Manhajojin da ke alƙawarin buɗe muku waifai kyauta, da yawansu kalmomin da ke cikin wayarku suke kwashewa su raba wa wasu.

Duk wannan ya shafi mai raba data daga wayarsa ta "Hotspot": sa WPA2, sa kalma mai tsawo, kashe shi idan an gama. Idan kuma kai ne ka hau waifai na otal, makaranta ko tasha, manhajojin banki na yanzu suna rufe bayanansu da kansu, haɗarin ya fi yawa a shafin ƙarya. Kowa na iya kunna waifai ya sa masa sunan da ya so. Duk wanda ya buɗe maka shafi yana neman BVN, lambar katin ATM ko OTP kafin ka hau, sauka nan take. Idan burauza ta yi gargaɗi cewa shafi ba amintacce ba ne, kada ka danna ci gaba.

Kafin ka zargi kowa da satar data, duba abu ɗaya. Galibi waya tana ɗaukar waifai a matsayin na kyauta, da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji, tana tura hotuna ma'ajiyar Google, tana sauke bidiyon kowane zauren WhatsApp. Wayoyi biyar a gida za su iya cinye datar wata cikin kwanaki ba tare da ɓarawo ko ɗaya ba. A kowace waya, shiga bayanan waifai ɗin ka mayar da shi "Metered", sai ta riƙa tattali.

Idan ka bi duk wannan, lambobi suka nuna matsalar daga ƙarfe take kuma ta ƙi ƙarewa, kira 300, layin kula da kwastomomi na kowane kamfani, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. Idan ba su gyara ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne, za su nemi waccan lambar. Kada ka ce musu "sabis ba kyau" kawai. Faɗi sunan garin da unguwar, ranakun da lokutan, da RSRP da SINR da ka rubuta. Kuma kada ka yi kai kaɗai: masu POS na kasuwa, shugabannin makarantu da ma'aikatan asibitin garinku ku haɗu, kowa ya kira da layinsa a mako guda, kowa da lambobinsa a hannu.